Gangar da Ba Ta Tada Maƙwabta

Shekara hamsin da biyu ina kaɗa cinyata.
Na kaɗa sitiyarin bas a danja,
na kaɗa murfin tukunya in Barira ta fita unguwa.
A Gumel kakana ya taɓa damƙe min hannu:
"Mu ba makaɗa ba ne. Ajiye gwangwanin nan."
Na ajiye.
Yatsun ne ba su ji maganar ba.

Asabar ɗin nan Coventry na ta yayyafinta,
na shiga shagon kayan kiɗa
da fam ɗari uku a aljihun ciki,
guminsu na aikin dare ne, wata huɗu cur.
Yaron shagon, Declan, mai zobe a hanci,
ya ja ni gaban wata mai sheƙi, fam dubu biyu.
Na ce, "Samari, iya kuɗinka iya shagalinka.
Kai ni inda talakawa ke zama."

Ya kai ni lungu.
Ta farko fuskarta roba ce, ɗari da sittin.
Na buga, ta ce ƙwas, kamar silifa a kan siminti,
zafin ya hau min har gwiwar hannu.
Araha ba ta ado, na sani,
ban san tana cizo ba.

Ta biyu fuskarta raga ce, kamar gidan sauro da aka ɗaure tamau.
Na saki sanda, ta dawo min da kanta,
yadda fatar akuya ke mayar da gula.
Ɗari biyu da tamanin.
Na yi shiru ina lissafin gas da kuɗin haya.

Akwai ta hannu, wani ya gaji da ita,
faifanta ɗaya ya tsage, waya ɗaya na da laulayi.
Na tuna tsohuwar motar da na saya a Foleshill,
na wuce.

Declan ya ce, "Wa ke ƙasanku?"
Na ce Misis Holis, shekararta tamanin,
wadda ke zungurar silin da sandar shara
duk ranar da Barira ta kuskura ta yi daka.
Ya ce, "To, hannu ba zai tone ka ba, ƙafa ce.
Dukan feda na bin katako har cikin kofin shayinta.
Nemi ƙwallayen tanis da falanki, ka ɗora a kai."
Ragowar fam ashirin nan suka tafi.

Awa uku na yi ina haɗa ƙarafa.
Sau biyu na juya ƙafa ɗaya baibai.
Barira ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi:
"Tsofai-tsofai da kai?"
Na ce da ni.

Na toshe kunnuwa da abin ji.
Ciki, sama ta tsage, dandali ya cika maƙil.
Waje, tif-tif kawai,
kamar ɗigon indararo a kan bokiti.
Akwai wani ɗan agogo cikin na'urar,
malami ne marar dariya, ƙit, ƙit, ƙit,
kullum yana gabana ko yana bayana,
hannun hagu ya ƙi sanin na dama,
ƙafa kuwa ta kama gabanta.
Ashe cinya ta daɗe tana yi min ƙarya.

Ranar Talata na haɗu da Misis Holis a matakala.
Gabana ya faɗi.
Ta ce, "Wani tsuntsu na ƙwanƙwasar rufi da yamma.
Ka ji shi?"
Na ce na ji.
Ta ce, "Bai iya ba tukuna. Amma yana ƙoƙari."

Kaka, ka yafe min.
Ba roƙo nake ba, ba kirarin kowa.
Minti arba'in ne bayan isha'i,
ni da sanduna biyu,
ko Barira ba ta jin abin da nake ji.